Amsa ga ɗan'uwana na Kano kan takardar kariya a Zangon Kumasi

Yaya, ka tambaye ni ko gaskiya ne a nan Gana mace takan je kotu ta karɓo takardar da za ta hana mijinta kusantarta, har ka ƙara da cewa auren Tonawa, wato mutanen Asante, ne ya sa muka saki al'ada. Batun takardar gaskiya ne, amma ba kamar yadda ake ba ku labari ba.

Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2007, mai lamba 732, ta ba alƙali ikon bayar da umarnin kariya na wucin gadi bayan ya saurari mai ƙara ita kaɗai, kuma umarnin ba ya wuce wata uku. Abin da masu kai muku labari suke tsallakewa shi ne, dokar ta wajabta wa kotu ta aika wa mijin sammaci domin ya bayyana a cikin wannan wa'adi ya faɗi dalilin da zai hana a tabbatar da umarnin, kuma idan ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, umarnin ya tabbata. Masinjan kotu ne yake kai takardar hannu da hannu, sannan ya koma ya shaida wa kotu a rubuce rana da wurin da ya miƙa ta. Ba a damƙa wa ƙanen matar ya kai, ba a kuma bar wa limamin unguwa saƙo. A zango wannan aiki ba ƙarami ba ne, domin gida ɗaya yakan ƙunshi iyalai da yawa, mutum kuma yana da sunan yanka da laƙabin da kasuwa ta san shi da shi, ga maƙwabta da ba sa son a ce su ne suka nuna ƙofa. Idan ya ɓuya, kotu tana iya ba da izinin a liƙa takardar a inda zai gani. Wanda ya karya umarnin yana fuskantar tara, ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko duka biyun.

Duk da haka, ba kotu ce farkon zangonmu ba. Magana takan fara daga waliyyi, ta je wurin liman, ta kai fadar Sarkin Zango, kuma ita kanta dokar ta bar ƙofar sulhu idan laifin bai yi tsanani ba kuma matar ta amince. Sai duka ya kai ga jini mutanenmu suke zuwa DOVVSU, wato sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, zaman kotun ma a keɓe ake yin sa.

Maganar Tonawa kuwa ta ɗan sosa mini rai. Kakanmu da fataucin goro ya kawo shi nan Batoniya ya aura, ta musulunta, ta aurar da 'ya'yanta da sadaki da waliyyi, kuma ita ce ta taɓa zuwa da ƙafarta ta ɗauko gwaggonmu daga gidan mijin da yake dukanta, ta ce ba za ta koma ba sai dattawa sun zauna. A lokacin babu wata doka mai lamba 732. Ku ma ai Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane ta VAPP tun 2015, kuma akwai irin wannan umarnin kariya a cikinta, ban kuwa ji ka ce mutanen Abuja sun daina zama Hausawa ba.