Ku Tambaya Mu Amsa: Layin da na gani a jikin keken Baba, tsaga ce ko fenti ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah tambaya gareni akan keken mahaifinmu Allah ya jiƙansa, Raleigh ne baƙi irin na da mai birkin sanda, tun ban san kaina ba nake ganinsa a zaure, yanzu ni nake hawa ina zuwa gona kuma nakan ɗora buhu ko jarkokin ruwa a kariya. To shekaranjiya ina wanke shi sai naga wani siririn layi a ƙasan ƙarfen nan da ya gangaro daga wuya zuwa wajen feda, dab da inda ya haɗu da wuyan, har da ɗan jan tsatsa a jikin layin. Mai gyaran keken unguwarmu yace fenti ne kawai in ci gaba da hawa abina, wani abokina kuma yace in kai wa mai walda ya ɗan ɗiga masa. Ni dai hankalina bai kwanta ba kuma bana so in rasa keken nan. Ya zanyi in gane? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, jingine keken nan tukuna kar ka sake hawa sai ka gama binciken da zan faɗa maka. Ba tsorata ka nake ba, wurin da ka kwatanta ne ya dameni. Ƙasan wannan ƙarfen kusa da wuya, nan ne wurin da yake shan wahala duk lokacin da tayar gaba ta daki wani abu, ko rami ko dakali ko bayan amalanke, kuma in firam zai karye a nan to ƙafar gaba ce zata rabu da kai kana tafe, mutum da fuska yake sauka.

Amma fa mai gyaran naku zai iya yin gaskiya. Irin waɗannan kekunan, su Raleigh na Notingham ta Ingila mai tambarin zalɓe a goshi, da Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya, ba narka ƙarafunan akayi aka haɗe su ba. Kowane bututu zura shi ake a cikin wata 'yar hula ta ƙarfe a mahaɗa sannan a narka tagulla ta bi ta cike tsakani. To a bakin wannan hular fenti yakan taru yayi kauri, shekaru na tafiya rana na dukansa sai ya bushe ya dare, ruwa ya shiga ya kawo tsatsa, ka rantse tsaga ce alhali ƙarfen lafiyarsa lau. Fenti in ya tsufa yawanci daddarewa yake ta ko'ina kamar ƙasar fadama da rani, layuka barkatai ba su da alƙibla. Ita kuwa tsagar ƙarfe layi ɗaya ne tak, yana da mafari yana da inda ya dosa, galibi daga tsinin hular nan yake tashi ya nemi zagaye bututun. Naka layi ɗaya ne kuma yana fitar da tsatsa, shi yasa bazan yarda da hukuncin ido kawai ba.

Ga yadda zakayi, kuma duk kayan suna gidanku ko shagon bakin layi. Kifa keken ya zauna kan sirdi da kaho, a fili da rana, ka wanke wurin da omo ka goge ya bushe sarai. Fara da shafawa da yatsa, ka bi ƙasan bututun daga wuya zuwa kamar faɗin tafin hannu. In kaji wani ɗan tudu ko ƙarfen ya tattare yayi kunya kunya, to keken ya taɓa yin karo, ko da kai baka sani ba, wataƙila tun zamanin Baba. Duba saman ƙarfen tsakiya, wanda ya miƙe daga wuya zuwa sirdi, shima kusa da wuya, don in ƙasa ya tattare sama yakan miƙe fentinsa ya tsattsage. Sai ka tsaya a gefe ka kalli fok ɗin gaba, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ya riƙe tayar gaba, ya kamata saman ƙafafunsa ya bi layi ɗaya da wuya, in ya koma baya tayar ta matso kusa da firam to an daki wani abu da ƙarfi.

Daga nan kar kaji tausayin fenti. Nasan abin gado ne amma fenti ana sake shi. Sa samfefa mai laushi ka kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, ka wuce ƙarshen layin ta kowane ɓangare da kamar faɗin yatsa. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, layin ya tafi tare da fentin, ƙarfe sumul, sai ka shafa fenti ko da na farce ne don kar tsatsa ta kama ka hau abinka. In kuma ka kankare layin na nan baƙi siriri a cikin ƙarfen, haska shi da tocilar waya ta gefe ba ta sama ba, ka ɗauki hoto ka zuƙo shi, zaka ga abin da ido bai gani ba.

In har yanzu kana kokwanto, akwai wata tsohuwar dabara da ma'aikatan jirgin ƙasa suke amfani da ita tun sama da shekara 100 wajen gano tsaga a jikin ƙarafunan jirgi, mai da alli. Ka samu kananzir ka ɗiga masa ɗan baƙin mai, ka jiƙa wurin sosai ka barshi kamar minti 20. Kananzir ba shi da kauri, duk ƙanƙantar tsaga sai ya tsotsu ya shige. Sai ka goge saman da tsumma mai tsabta har ya bushe, kar ka wanke da ruwa, ka daka allin makaranta yayi gari ka barbaɗa ko ka goga shi yayi fari fat. Jira kaɗan, ka ɗan ƙwanƙwasa bututun da sifana. In akwai tsaga, man da ya ɓuya a ciki zai fito ya jiƙa allin, zaka ga layi mai duhu ya zanu a cikin farin, kuma zai nuna maka ainihin tsawonta wanda yawanci ya fi abin da kake zato. In allin ya zauna fari ko'ina to alhamdulillahi. Yau a masana'antu da jan ruwa na musamman da farin feshi suke yi, amma hikimar ɗaya ce.

Wasu sukan ce a buga ƙarfen a saurara, lafiyayye yana amsawa tar, tsagagge kuma sautinsa a mace. Yana taimakawa amma ni bana dogara dashi shi kaɗai, ƙaramar tsaga bata cika canza sauti ba. Wanda yafi shi shine ka mayar da keken kan tayoyinsa, wani ya matse birkin gaba yana tura shi gaba da baya, kai kuma ka tsuguna ka zuba wa layin ido, in yana buɗewa yana rufewa ko kana jin ƙas ƙas to magana ta ƙare.

To in ta tabbata tsaga ce fa? Nan ne bana tare da abokinka. Ƙarfen bututun keke siriri ne, kaurinsa bai wuce milimita 1 da ɗan wani abu ba, waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda shi take ko ta ƙona shi, kuma ga tagulla a wurin wadda bata jituwa da irin wannan waldar, zaka ga ɗinki yayi tudu ka ɗauka yayi ƙarfi, bayan 'yan watanni sabuwar tsaga ta fito a gefensa. Mai waldar gas zaka nema, wanda yake aiki da sandar tagulla, irin masu gyaran radiyeta da tankin babur, in ka samu dattijon da ya saba da kekuna ma yafi. Gyaran gaskiya a wannan wurin shine a zafafa mahaɗar a zare bututun gaba ɗaya a sa wani, ko daga mataccen firam aka ciro shi. Wannan shine alherin keken ƙarfe, yana karɓar gyara kuma yana ba da sanarwa kafin ya karye. In tsagar a baya take, wajen ƙarafunan da suka riƙe tayar baya ko bakin ramin sirdi, nan ana iya huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta don ta daina tafiya a cike da tagulla ko a yi mata rigar ƙarfe. Amma gaban keke ba wajen faci bane, fok kuwa in ya tsage canza shi ake kawai.

Tunda ka riga ka kifa shi, duba sauran wuraren gaba ɗaya, zagayen gidan feda inda ruwa ke kwanciya ya ci ƙarfe ta ciki, da inda kariya ta ɗaure, da bakin ramin sirdi, ka tabbatar sandar sirdin ta shiga ciki aƙalla faɗin yatsu huɗu. Kuma ka tuna jarka mai lita 25 kilo 25 ce, guda huɗu kilo 100 kenan ban da kai, a kan ƙarfen da ya girme ka. Ko ya fito lafiya a rage masa.

TAMBAYA: Malam ni keken gwanjo na saya mai giya, naga 'yar tsaga a jikin ɗinkin waldar ƙasan sirdi, shima za'a iya toshe shi da tagulla? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa fara manna masa mayen ƙarfe. In ya kama to ƙarfe ne, duk abin da na faɗa a sama ya shafe ki. In bai kama ba alminiyam ne, tagulla bata kama shi, kuma shi in ya fara tsagewa baya jira. Ko an samu mai waldarsa wurin yakan yi laushi sai an sake gasa firam ɗin a masana'anta, don haka ki daina hawa, ki nemi wani firam ɗin a kwashe kayan wannan a mayar kansa.