Tambaya da Amsa: Kufan Cocin Banganarti

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Mai Wurno ne, aiki ya kawo ni Jihar Arewa ta Sudan, kusa da garin Dabba. Abokan aikina suna yawan ba ni labarin wata tsohuwar coci a ƙauyen Banganarti da kaburburan da ke yankin. Mene ne asalinta, kuma da me ya kamata in lura idan na je?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Banganarti tana gaɓar Kogin Nilu ta dama, 'yar tafiya kaɗan daga Tsohuwar Dongola, wadda ita ce babban birnin daular Makuriya ta Kiristocin Nuba, daular da ta ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da ake kira Baƙt da gwamnan Masar Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarh a shekarar 652. Masu tonon tarihi daga Poland sun fara aiki a ƙauyen a 2001, suka tarar da coci biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ta saman an gina ta ne a ƙarni na 11 da sunan Mala'ika Rafa'ilu.

A ganina, kada ka ɓata lokacinka wajen kallon ginshiƙai, ka matsa kusa da bango. Akwai zanen sarakunan Nuba, amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne rubuce-rubuce kusan dubu da masu ziyara suka karce a jikin shafe da harshen Girka da tsohon harshen Nuba, kowa yana ambaton sunansa da muƙaminsa, wani ma da garin da ya fito, domin a zamanin mutane sukan yi takakka daga nesa su zo neman waraka. Shafen ya yi rauni ƙwarai, saboda haka kada ka taɓa shi, kuma ka nemi mai gadin wurin ya shiga da kai.

Game da kaburbura, kwanciyarsu ce za ta gaya maka ko na wane ne. Kiristocin Nuba suna shimfiɗe mamaci daga yamma zuwa gabas, kansa a yamma, sau da yawa kuma akan bar ɗan gurbi a wajen kan domin ajiye fitila. Kabarin Musulmi kuwa yakan kwanta kusan kudu da arewa ne, domin mamacin ya fuskanci alƙibla. Ka ƙarasa Tsohuwar Dongola, inda za ka ga ƙubbobin shehunnai na tubalin laka, da kuma wani dogon gini na sarakunan Makuriya da aka mayar masallaci a 1317.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 al'amuran hanya ba su da tabbas, don haka ka tambayi mutanen gari halin da ake ciki kafin ka tashi, ka riƙe takardun shaidarka, ka kuma yi sammako kafin rana ta take.