Kafin ka sa hannu a takardar kaya masu haɗari

Jiya a filin jirgin Gombe, can Lawanti, ka ce min: "Kyaftin, masu lodi ai sun gama dubawa, fasinja na zaune, me ya sa kake bin takardar NOTOC layi-layi?" To ɗana, NOTOC ita ce takardar da ke sanar da kyaftin kaya masu haɗari da aka loda a jirgi, kuma ga dalili.

Da zarar an rufe ma'ajiyar kaya, ba ka sake ganin cikinta sai kun sauka. Takardar nan ce kaɗai idonka a can ƙasa. Shi ya sa dokar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda tamu hukumar NCAA ke bi a nan gida, ta ce a ba kyaftin bayanin a rubuce kafin tashi, ya sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna a ƙasa, ɗaya kuma inda hannunsa zai kai.

Ina duba lambar UN, wato lambar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba kowane irin kaya mai haɗari, da ajin kayan cikin azuzuwa 9, da yawansu, da sa hannun mai lodi cewa bai ga yoyo ko fashewa ba. Amma inda idona ya fi daɗewa shi ne wurin da aka jibge su. Wata safiya an kawo min takarda ɗauke da UN 1845, busasshiyar ƙanƙarar da ake sanyaya magani da ita, a ma'ajiyar baya. Na leƙa takardar lodi, sai ga kwalayen 'yan tsaki a wuri guda. Ita ƙanƙarar nan ba ruwa take komawa ba, iskar kabon take saki, da mun isa Abuja sai dai a kwashe mushe. Kowace takarda daidai take ita kaɗai, sai da na haɗa su biyu. Na sa aka raba su, muka makara, aka yi ta gunaguni.

In ka ga UN 3480, batirin litiyom zalla ba tare da na'ura ba, a jirgin fasinja, kada ma ka taɓa biro. Tun Afrilun 2016 aka hana ɗaukarsa a matsayin lodi, sai jirgin kaya.

Kuma in ƙararrawar hayaƙi ta buga a sama, daga takardar nan za ka karanta wa hasumiyar kula da jirage abin da ke ciki, 'yan kwana-kwana su san me za su tarar. Ba lokacin laluben jaka ba ne.

Gobe in an kawo ta, kai za ka karanta min da baki, ni in saurara.