Tambaya da Amsa: Kyamarar Mota, daga Saye zuwa Haɗa Wuta

Wasiƙun da suka iso filin nan a wannan karo sun fi karkata ga ƙaramar kyamarar nan da ake maƙalawa a gilashin gaban mota don ta riƙa ɗaukar abin da ke faruwa a hanya. Mun zaɓi biyar daga cikinsu.

Ina yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna, ina so in sa kyamara a motata. A kasuwa na ga wadda aka rubuta 4K a kwalinta tana da araha, na kuma ga wata 2K da ta ninka ta kuɗi. Wacce zan ɗauka? (Wani malami daga Kano)

Malam, ka ajiye maganar 4K tukuna. Abin da za ka fara tambayar mai kaya shi ne: batir ne a cikinta ko kafasito, wato ɗan abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci kaɗan? Kyamarar mota daga jikin motar take shan wuta, ɗan abin da ke cikinta aikinsa kawai ya riƙe ta na daƙiƙoƙi kaɗan bayan an kashe inji, don ta rufe bidiyon ƙarshe lafiya. Masu araha batirin litiyom suke sakawa, irin na wayar hannu, shi kuwa ba ya shiri da zafi. Motar da aka rufe gilasanta a ranar Afrilu a Kano, cikinta kan haura digiri 60, kuma saman gilashin gaba, inda kyamarar take, rana ce ke dukansa kai tsaye. Batirin sai ya kumbura, ya fasa murfi, kwanan wata ya riƙa komawa baya, bidiyon ƙarshe ya riƙa lalacewa, wanda shi ne bidiyon haɗarin idan ta faru. Kafasito yana jure wannan zafin. A ƙasarmu wannan sharaɗi ne, duk wadda ba ta cika shi ba ka wuce ta.

Sannan a zo kan hoto. Su 1080p, 2K da 4K ma'aunin yawan ɗigon hoto ne, 4K ce ta fi yawa. Da yawa daga cikin masu arahar nan 1080p suke ɗauka, ko ƙasa da haka, sai su buɗa hoton ya kai girman 4K ba tare da an ƙara komai a cikinsa ba. Abin dubawa shi ne idon da ke cikin kyamarar, wato sensar da ke karɓar haske ta mayar da shi hoto. Idan kamfani ya rubuta sunan idon ƙarara, kamar Sony STARVIS ko STARVIS 2, alama ce mai kyau, domin an san waɗannan da iya ɗauka a wuri mai ƙarancin haske. Kamfanoni irin su Viofo, 70mai, BlackVue da Thinkware sukan bayyana shi. A ganinmu 2K ta gaskiya, wato 1440p, ta ishe ka: tana fitar da lambar mota da rana fiye da 1080p, ba ta cin kati ko ɗaukar zafi kamar 4K.

Faɗin gani kuma, digiri 130 zuwa 140 ya wadatar. Idan ya kai 170 za ka ga gefen titi sosai, amma motar da ke gabanka za ta ƙanƙance har lambarta ta ƙi karantuwa. Ka ɗauki mai mannewa da gam, domin mai robar tsotsa tana saki idan rana ta gasa ta. Ka goge gilashin da sifirit, ka bari ya bushe, ka manna ta a bayan madubin tsakiya, a inda waifa ke kaiwa. Idan ka sa ta sama da haka, ƙurar hunturu da ruwan damina za su rufe mata ido.

An gogi motata a go-sulo, na dawo gida na cire katin kyamara, sai na tarar bidiyon ƙarshe na wata biyu da suka wuce ne. Alhali kullum fitilarta tana kunne. Me ya faru? (Wata Hajiya daga Kaduna)

Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Wannan ce matsalar da ta fi kowacce yawa, kuma kusan kullum daga katin memori take. Abubuwa uku ne ke jawo ta.

Na farko, kati na jabu. Za a rubuta masa 128GB, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa 8GB ne ko 16GB. Da zarar an wuce wannan, duk abin da aka rubuta sai ya lalace. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin da bayanai a kwamfuta sannan ta karanta su, ta faɗi gaskiyar girmansa. Tana ɗaukar lokaci, amma a gwada kowane sabon kati da ita kafin a sa shi a mota.

Na biyu, kati na gaske amma ba na wannan aikin ba. Kyamarar mota rubutu take yi ba tsayawa, tana goge tsoho tana ɗora sabo, kuma kowane kati yana da iyakar rubutun da zai iya ɗauka. Katin da aka yi don ajiye hotuna a waya yakan gaji da wuri, wani ma sai ya kulle kansa: ana iya karanta abin da ke ciki, ba a iya ƙara komai. Ki nemi wanda aka yi don kyamarar tsaro, irin Samsung PRO Endurance ko SanDisk High Endurance, mai alamar U3 ko V30, masu nuna saurin rubutu, idan kyamarar 2K ce zuwa sama.

Na uku ya shafi hanyoyinmu. A cikin saitunan kyamara akwai abin da aka rubuta G-sensor, wanda ke jin girgiza. Idan ya ji duka sai ya kulle bidiyon wannan lokacin don kada a goge shi. To idan an bar shi da saurin ji, kowane rami da kowace gargada haɗari ce a wurinsa. A wasu kyamarorin bidiyoyin da aka kulle sai su taru su cika katin, wurin ɗaukar sabo ya ƙare. Ki mayar da shi matakin ƙasa. Idan wani abu ya faru, akwai maɓallin kullewa da hannu.

Game da girma: kyamara mai ido biyu, gaba da baya, takan ci kusan 15GB a awa, don haka 128GB zai riƙe miki kimanin awa takwas kafin ya zagayo. Ki saita tsawon kowane bidiyo a minti ɗaya ko uku. Sau ɗaya a wata ki yi wa katin fomat, wato ki share komai da ke cikinsa, daga cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba, kuma kafin ki yi ki buɗe bidiyon jiya ki tabbatar yana nan. Fitila tana iya nuna wuta ta shiga kawai, bidiyon da kika gani da idonki shi ne shaidar tana aiki.

Ina ajiye mota a bakin kasuwa tun safe har magariba. Ina so kyamara ta ci gaba da ɗauka ko na kashe inji. Wani ya ce za ta kashe min batir. Yaya ake yi? (Wani ɗan kasuwa daga Zariya)

Alhaji, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai mafita. A mafi yawan motoci ramin caji na sigari yana mutuwa idan an cire makulli, don haka sai an jawo wuta daga akwatin fis. Kada a yarda a yanke igiyar kyamara a haɗa ta kai tsaye: yawancinsu 5V (volt biyar) suke sha, mota kuwa 12V take bayarwa, nan take za ta ƙone. Ana sayen igiya ta musamman, ta kamfanin kyamarar, mai ɗan akwati da ke rage wutar yake kuma lura da ƙarfin batir.

Igiyar tana da rassa uku. Ɗaya na zuwa fis ɗin da kullum yake da wuta, kamar na fitilar cikin mota. Na biyu na zuwa fis ɗin da sai an murɗa makulli yake samun wuta, kamar na ramin caji. Da shi kyamara ke gane an yi fakin. Na ukun, wato baƙin, a ɗaure shi da noti a ƙarfen bodi, inda babu fenti. Sauran biyun galibi ja ne da rawaya, sai dai kamfanoni sun saɓa a kan wanne ne wanne, don haka a karanta rubutun jikin igiyar. Idan aka juya su, kyamara ba za ta gane fakin daga tafiya ba. Mai wayarin ya gwada kowane fis da mita, makulli a kashe sannan a kunne, ya kuma yi amfani da ɗan abin nan mai ramin fis biyu da ake sokawa a gurbin na asali, daidai da girman fis ɗin motarka. Ɗaure waya a ƙafar fis da hannu yana kawo tartsatsi da zafi. Kada ya taɓa fis ɗin jakar iska ta kariya, ko na birki, ko na kwamfutar inji. Wurin ɓoye igiya a ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba kuma, ta bi ta bayan jakar iskar da ke ciki, kada ta gitta ta gabanta.

Sai lissafin batir. Kyamara a fakin takan ci wat 3 zuwa 6. Mu ɗauki 4: kusan kashi ɗaya cikin uku na amfiya ke nan, awa goma ya zama amfiya-awa uku da ɗan wani abu. Lafiyayyen batir mai 60Ah, wato amfiya-awa 60, ba zai ji wannan ba. Kwana uku a ajiye kuwa ya kai 24, kusan rabi. Shi ya sa ɗan akwatin ke da makunni mai matakai, yawanci volt 11.8, 12.0, 12.2 da 12.4, wanda ke yanke wa kyamara wuta idan batir ya sauka zuwa matakin da aka zaɓa. Cikakken batir a huce yana nuna kusan 12.6, a 12.2 ya doshi rabi. Ka sa 12.2, ko 12.4 idan batirin ya tsufa. A 11.8 mota na iya ƙin tashi, kuma yawan saukar da batir haka yana rage masa kwana. Masu tirela da manyan motoci su tabbatar igiyar tana karɓar 24V.

Tunda bakin kasuwa ne, kada ka zaɓi salon ɗauka idan an ga motsi, domin mutane ba sa yankewa. Ka zaɓi mai ɗauka ba tsayawa da ƙaramin inganci, ko mai ɗaukar hoto ɗaya a daƙiƙa. Ka kuma nemi inuwa, don kyamarori da dama suna kashe kansu idan zafi ya wuce kima.

Ina tuƙin haya da manhaja a Abuja. Ido na biyu, na baya zan sa ko na cikin mota? (Wani direba)

Ɗan'uwa, ga mai motar gida na baya ya fi amfani, saboda dukan baya a danja da go-sulo. Kai kuwa rigimarka ta fi yiwuwa da fasinja, don haka na ciki ya fi maka, mai ƙananan fitilun infared da ke gani cikin duhu. Hotonsa na dare baƙi da fari ne, haka aka yi shi. Idan aljihu ya ɗauka akwai mai ido uku, sai dai ka tanadi kati 256GB bayan ka tabbatar kyamarar tana karɓarsa. Ka liƙa ƙaramar sanarwa cewa ana ɗaukar hoto da murya a motar, kuma kada ka yaɗa bidiyon fasinja a intanet. Mutuncinsa amana ce a hannunka, Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Idan gilashin bayanka mai duhu ne, ka san cewa idon baya zai yi rauni da dare.

Da dare lambar mota fari fat take fitowa. Kuma idan an yi haɗari, bidiyon zai karɓu a hukumance? (Wani mai karatu daga Jos)

Lambar mota tana mayar da hasken fitilarka, shi ya sa take wankewa. Ka kunna HDR, saitin da ke daidaita haske da duhu a hoto, idan akwai, ka ɗan rage hasken hoto, ka wanke gilashin ta ciki, ka daidaita idon yadda titi zai ci kusan kashi biyu cikin uku na hoton. Duk da haka babu kyamarar da ke kama kowace lamba da dare, don haka ka bar makirufo a kunne, idan abu ya faru ka karanta lambar da babbar murya. Ka sa 50Hz a saituna, irin wutarmu, don fitilun titi su daina rawa a bidiyo.

Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da shaidar da na'ura ta samar, bisa sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda ta samar da ita. Lauya ne zai tsara wannan. Naka shi ne kwanan wata da lokaci su kasance daidai, GMT+1 a Najeriya da Nijar, kuma mai GPS tana gyara su da kanta. Bayan haɗari ka kashe kyamarar kafin ka zare katin, ka kwafe ainihin bidiyon a wuri biyu ba tare da yanke komai ba, ka adana katin ka sa wani. Wanda aka tura ta WhatsApp an matse shi, lambar da ke fita a na asali tana iya ɓacewa a cikinsa, don haka jami'in da ke bincike a kai masa kwafin asalin a filashi.