Filin Tambaya: Na rina zare da bawon albasa, ruwa ya wanke shi tas

Tambaya: Salam Tanti, ina gaisuwa. Ni dai saƙa ce abin sha'awata, in na sallami yara lekol na gama aikin gida sai in ɗauki tsinkayena in zauna. Ina so in saƙa wa innata mayafi na kafaɗa kafin ɗari ya shigo, to ranar Alhamis na je kasuwar Dole na sayo farin zaren ulu dunƙule 6, na dafa shi da bawon albasa kamar yadda na gani a Facebook, a tukunya ya yi kala mai kyau wallahi amma ina ɗauraye shi ya koma kusan fari fat. Me na yi ba daidai ba dan Allah? Ƙanwarki daga Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni zargina ba a kan hannunki yake ba, a kan zaren yake. Yawancin abin da muke cewa ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, wato roba ce aka ja ta ta zama zare, ita kuwa roba ko kwana za ki yi kina dafa ta da bawon albasa ba za ta sha ba, kalar a bayanta kawai take zama ruwa na taɓa ta ta tafi.

Gwada shi da ashana. Ki yanki ɗan guntu ki ƙona. In ya narke ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, roba ce, ki haƙura ki saƙa shi fari ko ki sayo mai kala tun daga shago. In ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago kuma tokar ta murmushe a yatsa, ulu ne na gaske. In ya ci wuta kamar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. Ni ma na taɓa asarar dunƙule 4 a haka kafin in koya, har da zobo na ɓata, maigida yana ta min tsiya wai miyar zare nake.

To in kin dace da ulun gaske, sai ki fara jiƙa shi da alif, wannan farin dutsen da ake sa wa ruwa ya kwanta. Garam 10 zuwa 12 ya ishi garam 100 na zare. Ki narkar da shi a ruwa, ki sa zaren, wuta kaɗan kaɗan kamar awa 1, kar ya tafasa. Sannan ki tace ruwan bawon albasarki ki maida zaren ciki. Kar ki riƙa juya shi da muciya kamar tuwo, kuma kar ki ciro shi daga ruwan zafi ki jefa a na sanyi, zai cukuikuye ya dunƙule ba mai warware shi, ki bar shi ya huce a cikin tukunyar ko da zai kwana. Kanwa kuma ki nisanta ta da ulu, tana cinye gashin ya yi kaushi.

Auduga ita sai an fara da bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, ki jiƙa zaren a ruwanta sannan alif sannan rini. In kina son toka-toka mai duhu ki jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ruwan bagaruwar ki ga ikon Allah. Lalle yana ba ulu ruwan ƙasa mai ja-ja. Zobo da gangamau kam kyansu na kwana biyu ne, ranar Damagaram na dukansu sun koɗe, ni ban ƙara wahalar da kaina da su. Shuɗi kuwa ki kai wa marina su tsoma miki a baba, audugar dai, su suka gaji abin.

Tukunyar rini daban, ba a sake girki a cikinta.

Tambaya: Tanti na gama mayafi mai kusurwa 3 amma bakinsa sai naɗewa yake kamar tabarma, ga shi ya fito ƙarami. In warware ne? Ɗiyarki daga Birni.

Amsa: A'a ɗiyata kar ki warware tukuna. Naɗewar halin saƙa mai santsi ce, wadda fuska ɗaya sumul ɗaya gurza-gurza, dole ta naɗe. Ki bi bakin da kwarashi layi 2 ko 3 zai kwanta. Ƙanƙantar kuma, in ulu ne ko auduga ki jiƙa shi minti 20, ki matse a cikin tawul ba murɗawa, ki shimfiɗa a katifa ki ja kusurwoyin ki kafe da fil, a inuwa, da iskar hunturu kafin la'asar ya bushe kuma za ki ga ya buɗe sosai. In na roba ne jiƙawa ba ta cika yi masa komai ba, sai tururin dutsen guga daga nesa, kar dutsen ya taɓa shi ko sau ɗaya don narkewa zai yi.