Rufin asibitinmu ya yaye: za mu iya maka gwamna a kotu?

Tambaya: Barista, ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Iska ta yaye rufin asibitinmu tun damina, ciyaman kuma ya ce kuɗi na hannun jiha. Tunda Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yanci, muna so mu kai gwamna ƙara kan raina kotu.

Amsa: Malam Sakatare, ban ga takardunku ba, don haka ka ɗauki maganata da wannan sharaɗi. Amma ina jin kun ɗora wa hukuncin nan kayan da ba nasa ba.

Ƙarar da aka yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, Antoni Janar na Tarayya ne ya shigar da ita a kan jihohi 36. Kotu ta ce a tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, gwamnoni su daina riƙe shi a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa sashe na 7 na kundin tsarin mulki. Babu inda ta ce a yi wa wani gari asibiti ko rijiya. Alƙawuran lafiya da ilimi suna babi na biyu na kundin, kuma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotuna a kansu. Ƙungiyarku ba ta cikin waccan shari'a, saboda haka abu na farko da lauyan gwamnati zai tambaya shi ne: da wane hurumi kuka zo? Wani alƙalin ya kan sassauta, wani ba ya yi, ni dai ba zan yi muku alƙawari ba. Ga kuma sashe na 308, wanda ya ba gwamna rigar kariya muddin yana kan kujera.

Shi ciyaman ba shi da wannan riga, kuma a nan nake so ku sa ido. Gaskiya ne aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa muku. To amma "kuɗi na hannun jiha" magana ce ta fatar baki. In haka ne, ya rubuta ya sa hannu mana.

Ku fara da alƙaluman rabon arzikin ƙasa da ake wallafawa duk wata, ku ga nawa aka rubuta wa ƙaramar hukumarku. Sannan ku rubuta masa wasiƙa bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, kuna neman kasafin bana da abin da aka ware wa asibitin. Dokar ta ba shi kwana 7. A buga muku hatimin karɓa a kwafinku, wannan ba sai na faɗa ba.

Da takardun a hannu, ku nemi zama da shi a gaban hakimi, tare da kansilanku da shugaban sashen lafiya. A rubuta abin da aka tsayar, da ranar fara aiki. Shari'a irin wadda kuke nufi tana iya cin shekaru, marasa lafiya kuma suna kwance ruwa na zuba a kansu.

In takardu suka nuna an fitar da kuɗin rufin ba a yi ba, wannan kuma ƙorafi ne na hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC ko EFCC. Kafin nan, ka ja wa matasanku kunne kada su kira kowa ɓarawo a Facebook, don kada ku koma ku ne ake ƙara kan ɓata suna.