Tsallen sanda: yadda ake koya wa yaranmu a Hamburg, da abin da za a iya farawa da shi a Zariya

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan ɗalibai suna lafiya. Ka tambayi yadda 'ya'yan Hausawa mazauna nan Jamus suke koyon tsallen sanda, da kuma ko malamin wasanni zai iya soma wani abu a makarantar da ba ta da katifar sauka. Zai iya, domin aikin farko duk a ƙasa ake yin sa: gudu, riƙo, kafa sanda. Ƙetare kara, wato abin da ake gittawa a sama don mai tsalle ya haye shi da taimakon sanda, shi ne na ƙarshe.

A nan ƙungiyoyin wasanni na unguwa ne ke riƙe da wannan harka, ba makarantu ba. Iyaye na biyan ɗan abin da ba a rasa ba duk wata, masu horarwa kuma da dama 'yan sa-kai ne da ke zuwa bayan tashi daga aiki. Da sanyi a shiga zauren motsa jiki, da zafi a fita fili. Mutanenmu sukan yi karɓa-karɓa wajen kai yara da yamma a tsakiyar mako, saboda Asabar ta Islamiyya ce. 'Yan mata na sa dogon wando da riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin wuyan riga, ba fil ba allura, don duk tufar da ke reto tana iya sarƙe hannu a lokacin tashi. Da azumi, wanda ya kai munzalin yi ba ya cikakken tsalle, sai atisayen tafiya da na riƙo, saboda gajiya na sauya tsawon taku, kuma taku in ya sauya komai ya sauya.

Abin da zai fi maka amfani shi ne yadda ake fara wa ƙanana. Ba a ce musu su hau sama. Nisa ake aunawa: yaro ya kafa sanda a cikin yashi, ya rataya, ta kai shi gaba. Har gasa ake yi musu a haka. Wanda ya iya tura sanda gaba, tsawo zai zo masa daga baya. Wanda aka fara wa da kara kuwa, sai ya koyi jan jiki da hannu, kuma cire wannan ɗabi'a aiki ne ja.

Duk bayanin da ke tafe na mai amfani da hannun dama ne, bahago sai ya juya. Hannun dama ne a sama, tafinsa na kallon sama idan sanda na kwance, na hagu kuma na kallon ƙasa, tazararsu kamar faɗin kafaɗa, santimita 45 zuwa 60. Wurin riƙo na ranar farko: a tsayar da sanda, yaro ya miƙa hannun dama iya miƙewa, inda ya kai nan zai kama. Da ƙafar hagu zai tashi, ya wuce ta gefen dama na sandar.

Gudu da sanda shi ne atisaye na farko. Hannun dama a ƙugu, na hagu a gaban ƙirji da gwiwar hannu a ƙasa, bakin sanda a sama. Mita 30, sau biyar ko shida, bakin sandar na sauka a hankali tun daga tsakiyar gudu. Masu koyo kan riƙa tura ta gaba da baya, ko su sake ta faɗo gaba ɗaya. In ta faɗo, nauyinta na jan yaro gaba, sai ya tsawaita taku don kada ya kife, gudunsa ya mutu daidai inda ake buƙatarsa.

Kafa sanda shi ne inda ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Taku uku ne na ƙarshe: hagu, dama, hagu. A hagun farko hannun dama ya baro ƙugu ya hau ta gefen haƙarƙari. Da ƙafar dama ta taɓa ƙasa, ya kasance ya kai wajen kunne. Kafin hagun ƙarshe ta taka, hannu ya miƙe sarai a bisa kai. A fara da sandar tsintsiya mai mita ɗaya, ana tafiya, ana ƙirgawa da baki, sau ashirin. Sannan da sassarfa, sannan da cikakkiyar sanda ana zura bakinta a ƙasa zuwa kan tawul ko buhun da aka shimfiɗa. Hannun ya bi jiki ya hau, kada ya zaga ta waje. In ya zaga, kafaɗa ta juya, sanda ta karkace, yaro ya sauka a gefe. Laifin da ya fi yawa shi ne makara, wato sanda ta bugi ƙasa hannu yana goshi tukuna. Za ka gane shi daga yadda kafaɗar ke fizgewa baya, yaro ya sauko yana dafe da ƙugu.

Wurin tashi yana da ma'auni. Yaro ya sa bakin sanda a ɗan gurbin da ake kafa ta, ya ɗaga hannun dama sama, ya tsaya yadda yatsun ƙafar hagu ke daidai ƙarƙashin wannan hannu. A ja layi da toka a nan. A kowane tsalle a sa ɗalibi ɗaya ya tsuguna a gefe, aikinsa kawai ya ga inda ƙafa ta taka ya faɗa. In ta wuce layi zuwa ciki, sanda za ta tokare shi kafin ya bar ƙasa, bayansa ya sha wuya. In ta gaza da yawa, ba zai kai ba. Tafin hannu ɗaya na kuskure ana iya haƙuri da shi, fiye da haka a gyara wurin fara gudu.

Daga nan sai ramin dogon tsalle. A tona yashin da shebur har ya yi laushi, domin yashin da ya kwana da rana ko ruwan damina ya daddaɓe ba wurin sauka ba ne. A gaban ramin a haƙa ɗan gurbi mai zurfin santimita 15 zuwa 20. Taku biyu da farko, sai huɗu, sai shida. Yaro ya yi tsalle ya shiga sandar da ƙirji, gwiwar dama a sama, ƙafar hagu a miƙe a baya, hannun dama a miƙe har ya sauka da ƙafa biyu yana kallon gaba. Kada ya ja. Da zarar gwiwar hannun dama ta lanƙwashe, nauyinsa ya matso sama, sanda ta rage gudu ta tsaya. Ba a ƙara tsawon riƙo sai sanda ta wuce tsaye da sauri, ya sauka tsakiyar rami sau uku a jere. Ƙarin ma yatsa uku ne, wajen santimita 5. In sanda ta yi tsaye cak ko ta dawo da shi baya, a rage riƙo nan take, ba shawara. Yara maza musamman suna son kama can sama don abokai su gani, wannan kuwa kai ne za ka hana.

Lilo, wato sharo ƙafafu da ƙugu sama bayan an tashi, ba a kan sanda ake koyonsa ba. Mai walda zai iya yi maka ƙarfen rataya da bututun ruwa mai kauri, tsayin mita biyu da rabi, ƙafafunsa a cikin siminti, yashi a ƙasa. Yaro ya rataya, gwiwar dama a sama, ya sharo ƙafar hagu a miƙe daga baya har ƙwaurinsa ya kai ga ƙarfen, sannan ya tura ƙugu sama, cinyoyi na gogar ƙarfen, kafaɗu na sauka. Sau biyar, a huta, zagaye uku. Igiya mai kauri da aka ɗaure a reshe mai ƙarfi ma tana yi. Masu naɗe gwiwa biyu suna gajarta lilo, masu jefa kai baya kuma ƙirjinsu ke buɗewa ƙafafu su faɗo.

Batun tsawon gudu: manya na yin taku 18 zuwa 20, amma mai shekarar farko shida zuwa goma sun ishe shi. Ya tsaya a layin tashi ya juya baya, ya ruga da sanda, a sa alama inda takun ƙarshe ya faɗa, nan ne wurin fara gudunsa, a auna da tef a rubuta. Da hunturu a shirya hanyar gudu yadda iska za ta bugo daga baya, a yayyafa ruwa a kan jar ƙasar don ƙura na sa santsi.

Ka yi maganar gora. Ta isa duk abin da aka lissafa a sama. Cornelius Warmerdam na Amurka ya ƙetare mita 4.77 da gora a 1942. A zaɓi busasshiya mai mita uku zuwa uku da rabi, marar tsaga, wadda ƙwaro bai huda ba, a naɗe tsakanin gaɓoɓinta da tef, a ɗaura yankin roba a gindi. Ba a lanƙwasa ta, miƙaƙƙiya ake hawanta. Gwangwala da bututun roba na famfo kada su kusanci filin, karyewa suke ba gargaɗi. Idan Allah ya kawo sandar faiba, za ka ga an rubuta tsawonta da nauyin da take ɗauka a kusa da samanta. Nauyin yaro kada ya wuce wannan lamba. Ƙarzar takalmi mai ƙusa ko faɗuwa kan dutse na iya sa ta fashe a tsakiyar tsalle, shi ya sa a nan kullum akwai mai tare ta in an sake ta, kuma cikin bututunta take kwana a inuwa.

Inda muke roƙonka da babbar murya shi ne katifa. A manyan gasa faɗinta mita 6 ne, tsawonta 6, kaurinta santimita 80, da wasu guntaye da ke rufe gefen akwatin da ake kafa sanda, wanda shi kansa zurfinsa santimita 20 ne. Munanan raunuka a wannan wasa daga faɗawa cikin akwatin nan ne ko sauka a wajen katifa. Katifun ɗakin kwanan ɗalibai ko an jera goma ba su maye gurbinta, suna rabuwa a tsakiya, jiki ya tarar da ƙasa. Muddin yashi ne, sauka da ƙafa kawai, ba kifa kai ƙasa, ba sauka da baya. Ka leƙa sashen koyar da ilimin motsa jiki na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko don samun ɗaliban da za su taya ka tsaron gefen rami.

Ranar da aka samu katifa, igiyar roba ake ɗaurawa maimakon kara, a ja ginshiƙan da ke riƙe ta baya har santimita 80 daga ƙarshen akwatin, iyakar da doka ta yarda, don yaro ya saba shiga ciki sosai. Armand Duplantis, wanda ya yi mita 6.25 a gasar Olamfik ta Paris a 2024, a bayan gidansu ya fara tun yana ƙarami, mahaifinsa na koya masa. Ga 'yan matanka kuma, Yelena Isinbayeva ta yi 5.06 a 2009, bayan ta shafe yarintarta a wasan lanƙwasa jiki, abin da ke nuna maka darajar ƙarfen rataya.

Kwana biyu a mako sun isa yashi, rana ta uku a ba gudu da ƙarfen rataya. Tsalle goma zuwa goma sha biyar a zama ɗaya, yara kada su wuce takwas ga malami ɗaya. Idan mai tsugune a gefe ya ce ƙafa ta kauce wa layin toka sau biyu a jere, wannan yaron ya gama na ranar, ya koma kan sandar tsintsiya.